IGIYOYIN REDIYO DA LAFIYAR JAMA'A

Duk wanda ya tashi da sauraron rediyo a ƙasar nan ya saba da jin mai gabatarwa yana cewa ana kama tasharsu a kan mita 49 a gajeren zango, ko kuwa a kan mita kaza a matsakaicin zango. Kaɗan ne suka taɓa tsayawa su tambayi abin da ake aunawa da waɗannan mitoci. Abin da ake aunawa shi ne igiyoyin rediyo, watau wani ƙarfi da ido ba ya gani, wanda yake ɗauko murya daga tasha ya kawo ta cikin akwatin rediyo. Shekara da shekaru igiyoyin nan suna ratsa gidaje da gonaki ba wanda ya damu da su. Amma tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, aka kakkafa turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, a bayan gidaje da kusa da makarantu da kasuwanni, sai zukata suka fara ɗar-ɗar. Uwa tana tambaya ko turken da ke bayan ɗakinta zai cuci jaririnta. Mai gida yana shakkar bayar da hayar filinsa. Ɗan kasuwa da ke yini da waya a kunne yana tunanin ciwon daji.

Waɗannan tambayoyi sun cancanci amsa ta gaskiya, domin kuskure a kansu yana da tsada ta fuska biyu. Tsoro marar tushe yana iya sa ƙauye ya ƙi turke, ya zauna ba hanyar kiran mota sa'ad da mace take naƙuda da tsakar dare. Sakaci kuma yana iya jefa ma'aikaci ko yaro cikin hatsarin da da an sani da an kauce masa.

MENE NE IGIYOYIN REDIYO?

In aka jefa dutse cikin kududdufi, za a ga ruwa yana kaɗawa, igiya tana bin igiya har bakin gaɓa. Haka wutar lantarki take yi in aka sa ta kai da komowa da sauri cikin ƙarfen eriya: sai ta tura igiyoyi cikin sarari, masu gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, daidai da gudun haske. Wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, shi ya fara gano su ta hanyar lissafi a 1865. Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da su a ɗakin gwaji a 1887, sa'an nan Marconi na Italiya ya aika da saƙo da su tsallaken Tekun Atlantika a 1901. A Nijeriya an fara sauraron rediyo a Legas tun shekarun 1930, aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma a 1962. Ke nan jama'ar ƙasar nan sun daɗe suna zaune tare da igiyoyin rediyo kafin a san wayar salula.

Mitocin da mai gabatarwa ke faɗa su ne tsawon igiya ɗaya. Igiya mai tsawon mita 49 tana kaɗawa kimanin sau miliyan 6 a sakan. Ta tashoshin FM tana kaɗawa sau miliyan 88 zuwa 108, tsawonta kuwa kimanin mita 3. Wayar salula ta fara aiki da masu kaɗawa sau miliyan 900 da miliyan 1,800, tsarin 5G na Nijeriya kuma an fara shi da masu kaɗawa sau miliyan 3,500. Duk dangi ɗaya ne, a saurin kaɗawa kawai suka bambanta.

DANGI BIYU DA AKE RUƊAWA

Yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga kalmar "tururi", wadda ake faɗa wa igiyoyin waya, ake kuma faɗa wa abin da ke fita daga na'urar hoton ƙashi ta asibiti da makaman nukiliya. Gaskiya ne hasken rana da ɗumin wuta da hasken hoton ƙashi da igiyoyin rediyo asalinsu ɗaya. Amma masana sun raba su gida biyu. Na gida na farko suna kaɗawa da saurin da ya zarce na hasken da ido ke gani, kuma suna da ƙarfin farfasa ƙwayoyin halittar jiki, abin da kan jawo ciwon daji in ya yi yawa. Hasken hoton ƙashi yana cikinsu, shi ya sa ma'aikacin asibiti ke fakewa bayan garkuwar dalma, shi ya sa kuma aka ɗora kula da shi a kan wata hukuma ta musamman, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya.

Igiyoyin rediyo suna gida na biyu, can ƙasa. Hasken fitilar ɗaki ma ya fi igiyoyin 5G saurin kaɗawa fiye da sau dubu ɗari, bai kuwa farfasa ƙwayoyin halitta ba. Komai yawan igiyoyin rediyo ba za su iya wannan ɓarna ba. Abin da aka tabbatar suna yi wa jiki in sun yi ƙarfi shi ne ɗumama shi.

ZAFI, ƘARFI DA TAZARA

A 1945 wani injiniya ɗan Amurka, Percy Spencer, yana aiki kusa da na'urar rada sai ya ga alewar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka ƙirƙiro murhun maikurowef mai ɗumama abinci. Murhun nan yana tara ƙarfi kimanin wat 1,000 cikin akwatin ƙarfe a rufe. Wayar salula kuwa iyakar ƙarfinta bai wuce wat 2 ba, kuma galibi da abin da ya gaza haka nesa take aiki.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa sai jiki ya sha ƙarfin da ya kai wat 4 a kowane kilo na nauyinsa, har tsawon rabin sa'a, kafin zafinsa ya ƙaru da awo ɗaya a ma'aunin zafi. A kan wannan ne hukumar masana ta duniya mai suna ICNIRP ta gina ƙa'idojin da ta fitar a 1998, ta kuma sabunta a 2020. Ta raba adadin nan gida 10 ta ce kashi ɗaya shi ne iyaka ga ma'aikatan da aka horar. Ga sauran jama'a, har da yara da tsofaffi da marasa lafiya, ta raba shi gida 50. Akwai kuma iyaka ta daban ga wayar da ake karawa a kunne, watau wat 2 a kilo, kuma kamfanonin kirki sukan rubuta awon kowace waya cikin takardar da ke zuwa da ita, ƙarƙashin haruffan SAR.

Abu na biyu shi ne tazara. Kowa ya san yadda jin ɗumi yake lokacin hunturu: wanda ke bakin wuta yana gumi, wanda ke ƙofar zaure yana rawar sanyi. In mutum ya ninka nisansa daga eriya sau biyu, ƙarfin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka sau goma, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Bugu da ƙari, eriyar da ke kan turke tana harba igiyoyinta ne gaba, kamar fitilar mota, don su kai nesa, saboda haka gidan da ke gindin turke kaɗan yake samu. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa awon da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna abin da jama'a ke samu daga turakun waya yana tsakanin kashi 0.002 da kashi 2 cikin ɗari na iyakar da aka gindaya.

A nan akwai abin lura da ya kamata masu neman a tumɓuke turke su sani. Wayar da ke manne da kunne ta fi turken unguwa aika igiyoyi cikin jikin mai ita, saboda kusancinta. Kuma an ƙera waya ne ta yadda in turke yana kusa sai ta rage ƙarfinta, in yana nesa sai ta ƙara, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi. Shi ya sa batir ke saurin ƙarewa a inda sabis ba shi da kyau. Unguwar da ta kori turkenta ta ƙara wa wayoyin mutanenta ƙarfi ne a bakin kunnuwansu.

MAGANAR CIWON DAJI

A watan Mayu na 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya igiyoyin rediyo cikin rukunin da ake kira 2B, watau abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Labarin ya bazu ko'ina, kuma har yau ana kafa hujja da shi. Ya kamata a fahimci ma'anarsa. Rukuni na 1 shi ne na abubuwan da aka tabbatar, irin su taba da giya. Rukunin 2B kuwa na abubuwan da aka ga 'yar alama a kansu ne, amma shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba. Alamar ta fito ne musamman daga wani babban bincike na ƙasashe 13 da aka buga a 2010. Binciken bai ga ƙaruwar ciwon dajin ƙwaƙwalwa ga masu waya gaba ɗaya ba, sai dai ya ga alama ga kashi ɗaya cikin goma da suka ce sun fi kowa yawan kira. Masu binciken da kansu suka ja kunne cewa an dogara ne ga abin da marasa lafiya suka iya tunawa na kiran da suka yi shekaru da dama baya, wanda kuwa ke fama da ciwo a kai yakan zarce wajen ƙiyasi.

Bayan haka an ci gaba da bincike. A 2018 wata cibiyar gwamnatin Amurka ta ba da rahoton ƙari a zuciyar wasu ɓeraye maza da aka yi wa wankan igiyoyi masu ƙarfi a dukan jiki, sa'a 9 kullum har shekara 2, abin da ya yi nisa da yadda mutum ke amfani da waya. A Birtaniya an bi lafiyar mata fiye da 770,000 har kimanin shekara 14, sakamakon da aka buga a 2022 bai nuna bambanci tsakanin masu waya da marasa ita ba. A 2024 wasu masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa aikin suka tattara bincike 63 da aka yi daga 1994 zuwa 2022, suka ce ba su sami alaƙa tsakanin wayar salula da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. A ƙasashen da ke rubuta kowane mai ciwon daji a rajista kuma, yawan masu ciwon ƙwaƙwalwa bai tashi tare da yawan wayoyi ba. Masana ba su rufe littafi ba, suna nan suna sa ido, musamman a kan yara da za su yi rayuwarsu duka da waya. Amma nauyin shaidar da ke hannu ya karkata ga kwanciyar hankali.

CIWON KAI DA JITA-JITA

Akwai mutanen da ke kukan ciwon kai da kasala da rashin barci tun da aka kafa turke kusa da su. Bai kamata a yi musu dariya ba, domin ciwon da suke ji na gaske ne. Sai dai an sha gwada irin waɗannan mutane a ɗakin da ake kunna eriya a kashe ba tare da sun sani ba, aka ga ba su iya bambancewa, kuma ciwon yakan taso ko da eriyar a kashe take, muddin sun zaci a kunne take. Hatsarin da ke nan shi ne mutum ya ɗora wa turke laifi ya zauna a gida, alhali hawan jini ne ko zazzaɓin cizon sauro ko ciwon ido ke cinsa. Duk mai irin wannan kuka, asibiti ya kamata ya fara zuwa.

Jita-jita ma ta yi nata ta'adi. A 2004, da kuma 2011, an baza labari a ƙasar nan cewa akwai wata lamba da in aka amsa kiranta sai mutum ya faɗi matacce, har sai da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta fito ta ƙaryata. A 2020 aka ce 5G ce ke kawo cutar korona, har aka ƙona turaku a Birtaniya. To, an sami mai korona na farko a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, ba a kuwa yi gwanjon lasisin 5G ba sai Disamba 2021, aka fara aiki da shi a 2022. Ƙwayar cuta tana bin numfashi da tari ne daga mutum zuwa mutum, ba ta hawa igiyar rediyo. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

INDA HATSARIN GASKE YAKE

Wanda ya fi kowa kusa da hatsari shi ne ma'aikacin da ke hawa turke. A gaban eriya, cikin 'yan mitoci kaɗan, ƙarfin yana iya wuce iyaka, balle a gidajen rediyo da talabijin masu watsa dubban wat. Ido ya fi saurin cutuwa, domin jini ba ya zagaya tsakiyarsa sosai balle ya kwashe zafi. A tashoshin matsakaicin zango kuwa, galibi turken kansa shi ne eriyar, kuma wanda ya taɓa shi yana aiki zai sami ƙuna mai zurfi. Wajibi ne a kashe na'ura ko a rage ƙarfinta kafin ma'aikaci ya hau, a ba shi horo da na'urar awo mai yin ƙara in ƙarfi ya yi yawa. Shingen da ke kewaye da turke da allon gargaɗin da ke jikinsa an yi su ne don kare rai. Iyaye su hana yara wasa a ciki, makiyaya su kau da dabbobi, mazauna benen da aka kafa eriya a rufinsa kuma kada su tsaya daf da gabanta don shanya ko shan iska.

Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ya bar tazarar santimita 15 tsakaninta da waya, kada ya sa wayar a aljihun ƙirji. Inda asibiti ya ce a kashe waya kusa da na'urorin jinya, a kashe.

Akwai kuma illolin turke da ba su da alaƙa da igiyoyi, su ne ma suka fi damun maƙwabta: ƙarar janareta dare da rana, hayaƙinsa, man dizal da ke tsiyaya ya gurɓata rijiya, da turken da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba ya faɗi cikin guguwar farkon damina. Dokokin da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2011 sun tanadi tazarar mita 10 tsakanin turke da katangar gidan zama. Wanda irin wannan ta'adi ya shafa yana da haƙƙin kai kuka ga NESREA, ko ga NCC ta lambarta ta kyauta, 622.

Amma hatsarin waya da ya fi ɗaukar rayuka yana kan titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi kusantar hatsari kimanin sau huɗu. Dokar hanya ta haramta wannan, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana kama masu yi. Bayan wannan sai jabun caja da kumburarren batir, waɗanda kan jawo gobara ko jan wuta.

ABIN DA KOWA ZAI IYA YI

Wanda yake son rage abin da jikinsa ke samu daga waya, hanyar tana da sauƙi kuma ba ta cin kwabo. Ya yi amfani da abin sauraro na kunne ko ya buɗe lasifikar waya, domin tazarar taƙi ɗaya ma tana rage ƙarfin ƙwarai. Ya gajarta hira, ya nemi inda sabis yake da kyau kafin ya yi dogon kira. Kada ya ɓata kuɗinsa a kan 'yan faifan da ake mannawa a bayan waya da sunan maganin tururi, domin in ma sun tare igiyoyi, wayar ƙara ƙarfinta za ta yi don ta kai ga turke. Iyaye su ƙayyade wa yara lokacin waya, ko don barcinsu da karatunsu. Murhun maikurowef da ƙofarsa ta lalace a kai shi gyara kafin a sake kunnawa.

Nauyi na musamman yana kan sarakuna da hakimai da masu unguwanni, da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, domin wurinsu talaka ke zuwa in labari ya tayar masa da hankali. In kamfani ya zo kafa turke, abin da ya dace shugabannin gari su bincika shi ne takardar izini, da tazarar turken daga gidaje, da ingancin shinge, da inda za a ajiye janareta da tankin mai. In kuma saƙo ya shigo waya yana cewa wata lamba tana kisa ko wani turke yana baza annoba, a tambayi ma'aikacin lafiya mafi kusa kafin a tura wa wani.